Muhawara: Kamfanoni ne suka kashe waƙoƙin bishara na matasan Amurka?

Bitrus: Jama'a, ga maganata, wanda bai yarda ba ya fito. A cikin waƙoƙin bishara na jita da matasan Amurka suka yi daga ƙarshen shekarun 1960, masu rai su ne waɗanda yaran suka buga da kuɗin aljihunsu. Su yi karo-karo, su ɗauki waƙa a cikin coci, su kai wa masu buga faifai irin su Rite da ke Cincinnati, a yi musu 'yan ɗaruruwa, su sayar bayan an tashi sujada. Da kamfanoni suka shigo, sai abin ya koma neman kuɗi.

Ladi: Yaya Bitrus, ai kamfani tun farko yana ciki. Faifan Upon This Rock na mawaƙi Larry Norman, wanda da yawa ke cewa daga nan aka fara, Capitol ne ya fitar da shi a 1969, kamfanin da ke sayar da faya-fayan Beatles a Amurka.

Dauda: Ni fa ina sauraron irin waɗannan faya-fayan a YouTube. Da yawansu jita ba ta saitu ba, ganga ta danne murya. Kwalin ma hoto ne da aka ɗauka a ƙofar coci, sunayen waƙoƙi da keken rubutu. Masu tara faifai ƙarancinsu suke saya da tsada, ba daɗinsu ba.

Bitrus: Dauda, je ka nemi The Christ Tree na 1975. Trees Community ne suka yi shi, matasan da suka zauna tare a babban cocin St. John the Divine a New York, suna rera Zabura da kayan kiɗa na ƙasashe daban-daban, har da sitar ta Indiya. Waƙa ɗaya sai ta yi tsawo, ta sauya salo a tsakiya, babu ruwanta da abin da gidan rediyo zai iya sakawa. Wane kamfani ne zai yarda da haka? Wannan 'yancin nake nufi, kuma har gobe yana taɓa ni.

Baba Ishaya: 'Ya'yana, kun manta da na tsakiya. Kamfanin faifai na Maranatha ba 'yan kasuwa suka kafa shi ba, daga cocin Calvary Chapel ta Costa Mesa a California ya fito a 1971, don yaran da ke waƙa a cocin su sami inda za su buga faifai.

Ladi: Gaskiya ne, Baba. Kuma akwai inda na bi bayan Yaya: mawaƙi Keith Green ya bar kamfanin faifai na Sparrow, a 1980 ya fitar da faifai ya ce kowa ya biya abin da zai iya, wanda ba shi da ko sisi a ba shi faifan kyauta. Amma sai da Sparrow ya sa duniya ta san shi tukuna.

Bitrus: To shi da ya ga cikin gidan, me ya sa ya fita?