Tarin yara a hunturu: yaushe mura ke zama nimoniya?

Maman Abba:
Assalamu alaikum. Tunda ƙurar hunturu ta sauko, tari ya cika gidaje a Sakkwato. Don Allah yaya uwa za ta gane mura ce kawai ko ciwon ya sauka huhu?

Malam Sani:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Kada ƙarar tarin ta ruɗe ki, numfashi za ki ƙirga. Ki bari yaron ya natsu, ba yana kuka ba, ki ɗaga rigarsa, ki ƙirga tashin ƙirjin na minti 1 cif da agogon waya. Jaririn da bai kai wata 2 ba, 60 ko fiye ya yi yawa. Wata 2 zuwa 11, 50. Shekara 1 zuwa 5, 40. Ƙwayar cuta ce ke cika ƴan jakunkunan iska na huhu da ruwa da mugunya, shi ya sa yaron ke haki. In ƙasan haƙarƙari na lotsawa ciki sa'ad da ya ja numfashi, wannan ba mura ba ce.

Sista Rabi:
Maganin farko amoksisilin ne mai narkewa a ruwa, ƙwaya mai miligiram 250, safe da dare, kwana 5. Wata 2 zuwa 11 ƙwaya 1, shekara 1 zuwa 3 ƙwaya 2, daga nan zuwa 5 ƙwaya 3, amma a bar ma'aikacin lafiya ya auna nauyin yaro tukuna. Inda ake ɓata lamarin: zazzaɓi na sauka a kwana na biyu, sai a ajiye sauran don wani karon. Ragowar ƙwayoyin cutar su farfaɗo, su saba da maganin. Shi kuwa ruwan maganin tari na kemis, asarar kuɗi ce, ba ya taɓa cutar.

Jariri ƙasa da wata 2, ko yaron da ya ƙi nono, yake aman komai, yake jijjiga ko ya galabaita, ba a jinyarsa a gida. A nufi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo (UDUTH) ko Asibitin Ƙwararru ko mafi kusa. In na'urar yatsa mai auna oksijin a jini ta nuna ƙasa da 90, sai an sa masa iskar oksijin.

Malam Bello:
Ƙari kaɗan, Hajiya. Tarin da ya kai sati 2, ga rama da zufar dare, a gwada majina da na'urar gwaji ta GeneXpert saboda tarin fuka. Maganinsa kyauta ne, yawanci wata 6. Fitsari zai koma ja-ja saboda rifamfisin, ɗaya daga cikin magungunan, kada a tsorata a daina sha. A kuma nisanta goyo da hayaƙin murhu, a duba kati ko ya samu rigakafin sati 6, 10 da 14.