Gansakukar Rima: laifin taki ne, ko na ruwan da ya kwanta?

Malamin Gona: Jama'a, jiya na bi ta gadar Kwalkwalawa da ke kan gulbin Rima a Sakkwato. Ruwan gefe ya yi kore shar, gansakuka ta shimfiɗu kamar darduma. Na faɗa bara, bana ma ina kan bakana: takin zamani ne. NPK da yuriyar da ake zuba wa albasa da shinkafa tun daga Goronyo har Wurno, ƙarshensu gulbi. A rage taki, ruwa ya washe.

Baba Sarkin Ruwa: Malam, kullum taki ka ɗaukar laihi. To yaushe ruwan sama ka wanke gonaki shi kai gulbi? Da damina. Ka taɓa ganin gansakuka ga Rima cikin Agusta? Ruwa ja wur, shina gudu kamar an koro shi. Sai bazara, in ya kwanta ya yi garau, sannan ta hito.

Alhaji Mai Albasa: Allah shi biya ka, Baba. Takin da muke saye da gumin goshi, wa ke da na zubar wa kifi?

Malamin Gona: Alhaji, ba kai kake zubarwa ba, ruwan ban-ruwa ne ke sace maka shi. Kuma an gwada abin nan. A 1973, a Kanada, an raba wani tafki biyu da labule. Duka ɓangarorin an zuba musu naitirojin da kabon, ɗaya kaɗai aka ƙara wa fosfaras, sinadarin da ke cikin takin NPK. Wannan ɗin ya koma kore kamar miyar kuka, ɗayan bai yi ba.

Ɗaliba: Malam, a yi mini afuwa in sa baki, don kan wannan nake aikin kammala karatu. Gwajin gaskiya ne, amma tafki ne, ruwansa zaune yake. Gulbi kuwa matafiyi ne. A lissafin da muke ɗora wa kwamfuta don ta kwaikwayi gulbi, yanka shi muke yi gaɓa-gaɓa, kowace gaɓa mu tambaya: nawa gansakuka ta hayayyafa, nawa ta mutu ko aka cinye, nawa ruwa ya kwashe ya yi gaba da ita? Ƙananan halittun da ke sa ruwa kore suna iya ninka kansu cikin kwana ɗaya ko biyu in yanayi ya yi musu daɗi. Idan ruwan ya wuce gaɓar kafin nan, ko buhu ɗari ka juye ba za su taru ba. Sai haske: ruwan Agustan da Baba ya ce ja ne, laka ce ke tare rana, ka tsoma hannu zuwa gwiwar hannu ka daina ganin yatsunka. Tsiro bai yin abinci a duhu.

Malamin Gona: Kenan taki ba shi da laifi?

Ɗaliba: Yana da shi, amma ba kullum shi ke riƙe da linzami ba. Abin da ya fi ƙaranci shi ke tsayar da girma, kamar tuwon biki: ga gari buhu-buhu, in itace ya ƙare an gama tuƙi. A kogin Temz na Ingila, tun shekarun 1990 aka rage fosfaras sosai ta hanyar tace ruwan ƙazantar birane, amma ruwan bai daina yin kore ba, don abin da ya rage har yanzu ya ishi gansakuka. Masu bincike suka ga raguwar gudun ruwa da ɗuminsa da kwanakin rana su ke buɗe mata ƙofa.

Injiniya: Kun zo unguwarmu. Tun da aka gina dam ɗin Bakolori a 1978, na Goronyo kuma a shekarun 1980, ruwan rani a wannan yanki a hannun mai buɗe ƙofar dam yake. A sako da yawa, a share gansakuka. A matse, gulbi ya zama kududdufai a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40.

Alhaji Mai Albasa: Injiniya, a dai riƙa sakowa da lissafi. Ba mu manta ambaliyar 2010 ba.

Baba Sarkin Ruwa: Ɗiyata, akwai abin da kwamfutarki ba ta sani ba. In kore ya yi yawa, da asuba za ki ishe kihi sun taso suna hamma bisa ruwa. Da hantsi su koma. Kuma inda munka bar karfasa ta yi yawa, ruwan bai cika kore ba.

Ɗaliba: Baba, duka biyun suna ciki. Da rana gansakuka na fitar da iskar da kifi ke shaƙa, da dare ita ma shaƙa take yi, shi ya sa asuba ce lokacin ƙunci. Karfasa kuwa kiwonta take yi. Abin da kwamfutar ba ta sani ba shi ne Rima kanta. Manhajar da nake amfani da ita, QUAL2K, a Amurka aka ƙera ta, sai na ba ta awon nan za ta daina yi mini hasashen kogin wasu.

Injiniya: Kuma kada a haɗa ciyawar ruwa duka a kwando ɗaya. Kachala da bado saiwarsu na cikin laka, can suke ci. Ku dubi fadamar Haɗeja da Nguru: bayan gina dam ɗin Tiga da na Challawa, ruwa ya daina cika ya janye kamar da, ya zauna shekara zagaye, kachala ta toshe hanyoyin ruwa.

Malamin Gona: Kachala na bar muku. Amma kainuwa fa? A sama take yawo, laka ba ta tare mata rana, kuma daga ruwan take shan abincinta kai tsaye. Sannan noman rani, Baba, ai a ranin ake zuba takin, daidai lokacin da ruwan ya kwanta. Ga kwatocin cikin gari su ma gulbi suka nufa. Ban janye ba.

Ɗaliba: A kan kainuwa kana da gaskiya, Malam. Baba, wata alfarma. Zan kawo murfin kwano da na shafa wa fenti baƙi da fari, da igiya mai ƙulli-ƙulli. Kowace Juma'a da hantsi a zura shi daga kwalekwale har ya ɓace wa ido, a ƙirga ƙullin da ya nutse, a duba ko ruwan ja ne ko kore. Daga yanzu har ƙarshen damina.

Baba Sarkin Ruwa: Juma'a ba ni shiga ruwa. Ki maishe shi Assabar. Kuma Malam shi zo da kainai shi riƙe igiyar, kada gobe shi ce mun yi mai coge.