Na gwada Les Paul, na gwada Ibanez, hannuna ya ƙi rabuwa da Stratocaster: sabo ne ko jitar ce?

Ɗan Damagaram ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa makaɗa. Tambaya gare ni, musamman ga waɗanda suka daɗe da jita a hannu.

Ni makaɗin biki ne. A Damagaram aka haife ni, amma a Agadas na koyi jita wurin abokaina Abzinawa, kuma salon kiɗansu nake bi har yau, sai dai yawancin waƙoƙina da Hausa nake rera su. Jitar da na fara riƙewa 'yar Sin ce mai siffar Stratocaster, fikof (abin da ke kwasar sautin tsirkiya ya kai wa amfilifaya) uku sirara, wuyan a ɗaure da kusoshi huɗu. Daga baya Allah Ya hore mini Squier ta hannu, wato Stratocaster mai sauƙin kuɗi ta kamfanin Fender, ita nake kaɗawa yanzu.

Kada a ce ban leƙa wani wuri ba. Wani abokina ya dawo daga Aljeriya da Epiphone mai siffar Les Paul, ya bar mini ita tsawon wata damina. Gaskiya tana da kyau, muryarta na da kauri, in ka taɓa tsirkiya ɗaya sautin ya daɗe bai mutu ba. To amma ku dubi yadda kiɗanmu yake. Babban yatsa na dukan tsirkiya mai kauri ba tsayawa, manuniya na fitar da waƙa a kan sirara, hannun hagu kuma na bugawa yana fizgewa da sauri a kan wuya. Abin da ake so shi ne kowane bugu ya fito shi kaɗai, a ji shi tas. A kan Les Paul ɗin nan sai na ji suna cuɗewa, mai kaurin ta danne sauran. A ɗaka ban damu ba. A fili kuwa, ga ganga, ga tafi, ga guɗar mata, ga amfilifaya ƙarama, sai na ga mutanen da ke can baya ba sa jin abin da yatsuna ke yi. Da na koma Squier, tun daga bugun farko masu rawa suka gane. Ga kuma nauyi: ta haura kilo 4, mu kuwa a tsaye muke kiɗa daga la'asar har dare.

Ibanez RG na saya da kuɗina, domin siraran wuyanta ya burge ni, hannu na gudu a kai. Matsalar gadarta ce, wato ƙarfen da ke riƙe tsirkiya a jikin jita, irin ta Floyd Rose mai lilo. Ni nakan ɗaga tsirkiya mai kauri daga mi zuwa sol a waƙoƙi da yawa. A kan wannan gada, kana ƙara wa tsirkiya ɗaya ƙarfi sauran biyar sun sauka, kuma sai ka kwance makulli da ɗan sifana kafin ka murɗa. In tsirkiya ta tsinke ana tsakar biki, jitar gaba ɗaya ta fita daga saiti. Na sayar da ita ga wani yaro mai son kiɗan rok, ya ji daɗinta sosai.

Telecaster ce kaɗai ta kusa raba ni da tawa. Muryarta na yanka iska. Sai dai jikinta ba a sassaƙe yake ba, gefen na tokare mini haƙarƙari, kuma ba ta da fikof na tsakiya, wanda a nan nake zama.

Yanzu ga tambayar. Yaron da ke kaɗa mini bas ya ce na kulle kaina, wai sabo ne kawai, da Les Paul na fara da ita zan riƙe. Maganar ta tsaya mini a rai. Shin akwai wanda ya zagaya kamar ni ya dawo inda ya fara? Sannan abu ɗaya da ban taɓa iya kare Stratocaster a kansa ba: ƙugin da take yi in an jona da janareta. Me kuke yi masa?

Injiniya Fagge ya amsa:

Wa alaikumus salam. Malam, ni ɗaukar sauti nake yi a sutudiyo a Kano, kuma ka san a nan fiyano ce ke cin kasuwa, jita sai jefi-jefi. Amma duk ran da aka shigo mini da mai fikof sirara na san zan sha aiki.

Ƙugin nan ba lalacewa ba ce, haka aka ƙera ta. Fikof siriri naɗin waya ɗaya ne a kan maganaɗisu, yana kwasar motsin tsirkiya, yana kuma kwasar wutar da ke kewaye da shi, wadda a Najeriya da Nijar take kaɗawa sau 50 a daƙiƙa. Shi ya sa wani injiniyan Gibson, kamfanin da ke yin Les Paul, mai suna Seth Lover, ya haɗa naɗi biyu masu saɓa wa juna, ƙugin ɗaya ya kashe na ɗaya, aka fara sa wa Les Paul a 1957. Kaurin muryar da ka ji daga nan ya fito, domin naɗi biyun na rage kaifin sama.

Zan ɗan goyi bayan yaronka. Ina zargin da ka jona Les Paul ɗin ba ka taɓa maɓallan amfilifaya ba, ka bar su yadda ka saba da Squier. Da ka rage bas, ka koma fikof na wajen gada, da rabin cuɗewar ta tafi. Ban ce za ta zama Stratocaster ba, ba za ta zama ba.

Shawarata ka nemi Yamaha Pacifica 112V. Siffar kusan ɗaya ce da taka, tsawon tsirkiya ɗaya, sirara biyu a sama, mai naɗi biyu a wajen gada, kuma in ka ja maɓallin tonu sai shi ma ya koma siriri.

Baba Jos ya amsa:

Ɗana, zauna inda kake.

Na kaɗa hailaif a otal-otal na Jos tun ina saurayi, yanzu a coci kawai nake riƙe jita ranar Lahadi. Duk irin da ka lissafa sun bi ta hannuna, kuma mai fikof uku ce a ɗakina yau. Mu ma a hailaif ba ma cusa wa sauti hayaniya, a wanke muke sonsa, jita biyu ko uku suna saƙa da juna, kowace ana jin ta. Abin da kunnenka ya gaya maka a fili gaskiya ne.

Akwai abin da ba ka ambata ba, wanda ni shi ya fi riƙe ni. Leo Fender ba makaɗi ba ne, mai gyaran rediyo ne a Kalifoniya, kuma da ya fito da Stratocaster a 1954 ya yi ta ne yadda mai gyara zai so. Wuya ya lalace, ka kwance kusoshi huɗu ka sa wani. Wayoyi duka suna manne a bayan farantin roba, ka ɗaga shi ka kai wa mai gyaran rediyo na bakin kasuwa ya ɗiga maka dalma. Les Paul kuwa wuyanta da gam aka haɗa shi da jiki, kanta a karkace yake baya, itacen mahogani ne, wurin kuma siriri. Na ga wadda ta zame daga jikin bango kan ya ɓalle. Mai ita ya yi kuka da hawaye, ni ma na taya shi baƙin ciki, don ba mu da wanda zai mayar da ita yadda take. Kai da kake ɗora kaya a bayan Hilux kana bin hanyar rairayi zuwa ƙauyuka, wace ce za ta jure maka?

Game da sabo, to, sabo laifi ne? Yatsunka sun san tsawon tsirkiyar Stratocaster, tazarar milimita 648, ta Les Paul 628 ce, tsirkiyarta ta fi laushi a hannu. Shekarun da ka yi kana koya wa hannunka wannan tazara dukiya ce. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

In hunturu ya shigo ka riƙa duba wuyan. Itace na tsukewa, bakin ƙarafunan wuya su fito suna yankar hannu. Ɗan zarto mai laushi ya isa, a bi a hankali.

Hajara ta Yamai ta amsa:

Yaya, ina ganin girman Baba, amma bari in faɗi nawa. Ina jin tsoron a mayar da wannan kiɗa na jita iri ɗaya. Waɗanda suka kafa shi, irin su marigayi Abdallah ag Oumbadougou, da abin da ya zo hannunsu suka yi, har da jitar da ba ta lantarki ba. Mdou Moctar, shahararren makaɗin jitar nan na Nijar, da kowa ke gani da farar Stratocaster ta 'yan bahago, jitarsa ta farko da kansa ya haɗa ta, katako da wayar birkin keke. Ai ba Fender ce ta ba shi hannun ba.

Ni ƙaramin hannu gare ni. Na sha wuya da Squier, yatsuna ba sa kaiwa inda nake so. Da na samu Epiphone mai siffar SG sai na huta: gajeriyar tazara, jiki mara nauyi, fikof masu naɗi biyu, ba ƙugi. Aibinta ɗaya, kan yana rinjaya ƙasa in ka saki wuya, na magance shi da maɗauri mai faɗi na fata. Kuma kiɗan Agadas nake yi da ita, babu wanda ya taɓa zuwa ya ce mini bai ji waƙa ba.

Ban ce ka canza ba. Amma in yaronka na son gwada wata, kada ka hana shi.

Ɗan Damagaram ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka.

Ƙanwata Hajara, ba na hana kowa, kuma zan so in ji SG ɗinki in Allah Ya kai ni Yamai. Abin da kika faɗa a kan hannu haka yake. Sai dai ki lura, shi Mdou ɗin da ya zagaya Turai da Amurka, inda kowace irin jita ke gabansa, Stratocaster ɗin ya riƙe. Ina ganin akwai abin da kunne ke nema a wannan kiɗa, kuma fikof siriri ya fi saurin ba da shi.

Injiniya, na je wurin abokina jiya na sake karɓar Les Paul ɗin, na rage bas, na koma wajen gada kamar yadda ka ce. Ta washe sosai, wannan gaskiyarka ce. Amma na gano wani abin da ban iya faɗa ba a farko. A Squier maɓallin ƙara yana nan dab da ƙaramin yatsana, ina kiɗa ina murɗa shi: in na fara rera waƙa in sassauta, in mata suka shigo fili in buɗe, hannuna bai bar tsirkiya ba. A Les Paul sai na ɗauke hannu na kai can ƙasa, kuma maɓallan ƙara biyu ne. Babban yatsana ya tsaya, masu rawa kuwa da shi suke taka ƙafa. Wannan kaɗai ya ishe ni dalili.

Baba, Allah Ya ƙara girma. Maganar hanya kamar kuna cikin motar. Gadar tawa ma tuni na cusa ɗan katako a bayanta na kashe lilon, shi ya sa nake sauya saiti ba fargaba.

Saura ƙugin. Pacifica ba ta cikin lissafina bana.

Injiniya Fagge ya ƙara da cewa:

To ga abin da ba zai ci maka kuɗi ba. Tura makunnin fikof zuwa matsayi na 2 ko na 4, inda na tsakiya ke haɗuwa da na gefensa. A yawancin Squier an naɗa na tsakiya a juye, saboda haka ƙugin zai ragu ƙwarai ko ya ɗauke. In bai ragu ba, naka ba juyayye ba ne, shi kaɗai za ka sauya.

Na biyu, ɗaga farantin roban ka shimfiɗa takardar tagulla mai gam a cikin ramin da bayan farantin, ka tabbata ta haɗu da wayar ƙasa. In ba tagulla, takardar alminiyam ta girki ma na yi. Wannan ƙarar zizzz ta fitilu da caja yake ragewa, ba ya kashe ƙugin gaba ɗaya. A wurin biki kuma ka nisanta janareta, kada wayar jita ta kwanta tare da wayar wuta, ka kafa ƙarfe a ƙasa mai danshi a ɗaura wa janaretan. In ka buɗe farantin, turo hoton wayoyin in nuna maka inda za a ɗiga dalma.