Wai wa ya gano ƙwayar olsa?

Likitan Ciki: Salamu alaikum jama'a, yau dai raina a ɓace yake wallahi. Shekara uku ina jiran ƙarin girma, na haɗa maƙaloli na kaf na zuba a ambulan na kai, sai wani a kwamitin ko buɗewa bai yi ba ya zaro waya ya shiga Google Scholar, shafin neman maƙalolin masu bincike, a gabana yana cewa Dakta saiteshan ɗinka, wato yawan ambaton da wasu ke yi wa maƙalolinka, sun yi kaɗan, h-index ɗinka ma ba ya motsi. Ni da nake zura wa mutane kyamara a ciki tun safe har la'asar, wani lokacin da man janaretan da muka yi karo-karo muka saya, an koma auna ni a sikeli kamar buhun masara. To ku duba Barry Marshall na Ostireliya da ya gano ƙwayar olsa, a 1983 ƙungiyar likitocin ciki ta ƙasarsa ta ƙi karɓar takardarsa a taro, a 2005 sai ga shi da Nobel. Da a hannun kwamitinmu ya faɗa da har yau yana nan yana jira. Ƙirga saiteshan yaudara ce tsantsa, wanda bai yarda ba ya fito.

Anti Nas: Allah ya ba da haƙuri Cif, komai lokaci ne.

Ɗan Lab: Allah ya kawo ƙarin girman Cif, amma don Allah a gyara kalma ɗaya. Marshall ne ya GANO? Robin Warren ne ya fara ganin ƙwayar a madubin lab tun 1979 a asibitin Royal Perth, yana ta nuna wa mutane suna ɗaga kafaɗa, shi Marshall sai 1981 ya zo yana ƙaramin likita mai neman abin da zai yi bincike a kai. Wannan ɗabi'ar taku ce dama, na lab ya yi wahala mai farar riga ya kwashe suna.

Likitan Ciki: Malam ba maganar da nake yi kenan ba ai.

Ƙaramin Dakta: Ɗan Lab ka dai san Warren ɗin ma likita ne ko? Digirin likitanci ya yi kafin ya zama fatolojis, mai binciken cututtuka a lab. Ba naku ba ne, daina jawo shi gidanku.

Ɗan Lab: Ina ya wuni yana aiki, a lab ko a wod?

Ƙaramin Dakta: Gani daban ganowa daban. Kowa ma na iya gani. Wanda ya ɗauki abu ya kurɓa da bakinsa don ya tabbatar wa duniya shi ne ya gano. A 1984 Marshall ɗin nan ya sha ruwan da aka raini ƙwayar a ciki, bayan 'yan kwanaki ya fara amai, bakinsa na wari har matarsa ta kasa jurewa, aka zura masa kyamara aka ga ciki ya kumbura ga ƙwayar nan ta yi kaka-gida. Kai za ka iya?

Ɗan Lab: Ruwan da ya sha wa ya raini ƙwayar? Ka san yadda aka yi ta tsiro kuwa? 'Yan lab ne suke shuka ta a faranti, bayan kwana biyu in ba a ga komai ba a zubar, har aka zo hutun Ista na 1982 farantan suka yi kwanaki babu wanda ya taɓa, da aka dawo sai ga ta ta fito, don ita ba ta da saurin girma. A lab aka yi wannan, ba a ofishin konsoltan ba.

Baban Khalifa: Wato dai mantuwar 'yan lab ce ta kawo Nobel, hahaha. To Allah ya ƙara muku mantuwa.

Ɗan Lab: Ba mantuwa ba ce hutu ne, ka karanta da kyau.

Maman Biyu: Don Allah ku yi haƙuri ni ba 'yar asibiti ba ce, mene ne h-index ɗin? Sannan wai da gaske ba yunwa ce ke kawo olsa ba? Ni tun ina makarantar kwana nake fama, kullum ce min ake kar in zauna da yunwa kar in ci yaji.

Malamin Tarihi: Ku duka kun makara. In gani ne ganowa to wani ɗan Italiya Bizzozero ya ga irin waɗannan ƙwayoyin masu lanƙwasa a cikin karnuka tun 1893. In kuma magani ne, akwai likita a Girka, John Lykoudis, tun 1958 yake ba masu olsa antibayotik suna samun sauƙi, ƙarshe tara aka ci shi. To wa ya gano?

Ƙaramin Dakta: Cikin kare kuma Malam? Mu maganar mutane muke.

Malamin Tarihi: Yaro ka bar raina na gaba, ko a gidanku ba haka aka koya maka ba.

Ƙaramin Dakta: Allah ya huci zuciyar Malam, amma ni ba yaro ba ne, ina da 'ya'ya biyu.

Farfesa Mai Ritaya: Bari in ɗan sa baki duk da na ga an bar hanya. Likitan Ciki, misalin da ka kawo kai yake kayarwa. Maƙalar da Marshall da Warren suka fitar a mujallar The Lancet a 1984, wadda suka duba mutum 100 suka tarar duk 13 masu gyambon farkon hanji suna ɗauke da ƙwayar, an ambace ta sau dubbai, tana cikin waɗanda aka fi ambato a fannin naka. Ƙin karɓar takarda a taro ɗaya ba shi ne duniya ta ƙi ka ba, mu ma an sha dawo mana da namu. Kuma shakkar da aka yi musu ba duka ce hassada ba, a lokacin karatun da kowa ya yi shi ne asid ɗin ciki ba ya barin ƙwaya ta rayu, ita kuwa ashe tana fitar da wani sinadari da ke farfasa yuriya ya ba ta amoniya ta lulluɓe kanta daga asid ɗin. Dole a ce kawo hujja. Da hujja ta taru, a 1994 cibiyar lafiya ta NIH a Amurka ta ce a riƙa ba masu olsa da ke da ƙwayar antibayotik, a shekarar kuma hukumar binciken kansa ta duniya ta sa ta cikin abubuwan da ke jawo kansar ciki. Shi kansa Marshall da ya sha ai kumburin ciki ya samu, olsar ba ta fito masa ba.

Likitan Ciki: Ranka ya daɗe shekara goma fa kenan tsakanin 1984 da 1994. Wane kwamiti ne zai jira ni shekara goma?

Baban Khalifa: Kamfanonin magani ne suka danne abin, lokacin magungunan rage asid Zantac da Tagamet ke kawo musu kuɗi kamar ƙasa, wa zai so a ce sati biyu na antibayotik ya raba ka da ciwon gaba ɗaya.

Farfesa Mai Ritaya: Cinikin gaskiya ne an yi. Dannewar kuma kawo mana inda ka gani.

Baban Khalifa: Ai kowa ya sani Farfesa.

Maman Biyu: Har yanzu dai ba a amsa min ba.

Anti Nas: Maman Biyu bari in amsa miki tunda su suna can suna dambe. In aka ce h-index ɗin mutum 10 ne, yana da maƙala 10 da kowacce wasu suka ambace ta aƙalla sau 10, shi ke nan. Wani masanin fiziks Jorge Hirsch ne ya ƙirƙiro shi a 2005. Maganar olsa kuma manyan abubuwa biyu ne, wannan ƙwayar H. pylori da kuma magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen da mutanenmu ke sha kamar gyaɗa, a kemis a ƙulla maka haɗi a leda ka watsa ba ko abinci a cikinka. Yunwa da yaji suna iya tayar miki da zafin amma ba su ne tushen ba. Ki je a yi miki gwajin bayan gida ko na numfashi, ki daina zama a kan maganin rage asid irin omeprazole shekara da shekaru, kuma ki faɗa musu kina shan shi don yana ɓoye ƙwayar a gwaji.

Likitan Ciki: Kun ji ko, 2005! Shekarar da aka ba shi Nobel, Marshall ɗin, ita ce shekarar da aka haifi h-index ɗin. Wato ya gama aikinsa babu wanda ya tambaye shi lamba.

Ɗan Lab: "Aka ba SHI". Kun gani ko? Su biyu aka ba, Warren da Marshall. Bawan Allah Warren ya rasu a 2024 amma har yanzu ana cinye masa haƙƙi a wannan zauren.

Ɗan Yerwa: Kuna ta Ostireliya Ostireliya, a Maiduguri fa aka yi aikin da ya sa duniya ta fara maganar abin da suka kira abin ɗaure kai na Afirka, wani likita Holcombe ya rubuta a mujallar Gut a 1992, cewa ga ƙwayar a jikin kusan kowa amma ba a ganin kansar ciki da yawa kamar yadda ake zato. Kuma wani babban nazari na 2017 ya sa masu ɗauke da ƙwayar a Najeriya a sama da kashi 87 cikin ɗari. Mu Borno mun daɗe a taswira.

Bakano: Taswirar ƙwayar cuta ce abin alfaharin? Ku dai ku ci gaba da turarenku.

Ɗan Yerwa: Ko ba komai mu an ambace mu, ku kawo naku.

Farfesa Mai Ritaya: Daga baya ma wasu sun ce babu wani abin ɗaure kai, ƙarancin kyamara da rashin ajiye bayanai ne suka sa ba a gani. Wanda ya mutu a ƙauye da ciwon ciki wa ya ƙirga shi. Dakta da irin wannan za ka rubuta daga marasa lafiyan da kake dubawa kullum, ai da saiteshan ɗin sun zo da kansu.

Likitan Ciki: Da wane kuɗin bugawa ranka ya daɗe? Da dala ake biyan manyan mujallun.

Bakano: Ɗan Yerwa ka fasa amsa ni ne?

Admin: Jama'a an kai sharhi da yawa, zan rufe. Na goge tallan maganin olsa na gargajiya da wani ya saka sau uku, in ya sake zan cire shi. Abin da aka tsayar shi ne Warren ne ya gano ƙwayar kamar yadda Ɗan Lab ya kawo hujja da shekara da wuri, kuma an tabbatar ba don lab ba da babu abin da Marshall zai sha. Mu da muka yi shekara 15 muna kallon madubi mun san haka dama. Ƙaramin Dakta ya ba Malam haƙuri ta bayan fage. Maganar h-index Anti Nas ta yi bayani. Cif Allah ya sa a dace a zama na gaba.

Ƙaramin Dakta: Wa ya tsayar? Yaushe aka yi ƙuri'a? Haƙurin ma na riga na bayar a sama, ka duba.

Maman Biyu: Anti Nas gwajin bayan gidan nawa ake yi, kuma sai na daina omeprazole ɗin kwana nawa kafin in je?