Sunayen sojoji a bangon cocin ƙauyukan Ingila

Ɗan Tarihi: Salam yan uwa, dan Allah wa ya san dalilin da yasa a cocin ƙauyukan Ingila da yawa zaka ga allon dutse ko na tagulla ɗauke da sunayen samarin da suka mutu a yaƙin duniya na ɗaya? Ina kaburburansu?

Maman Ilham: Wa alaikumus salam. Ai ba a dawo da gawarwakin gida ba malam, tun 1915 aka hana, wanda ya faɗi a Faransa ko Beljiyam can aka binne shi, wasu ma ko gawar ba a gani ba. To uwa bata da kabarin da zata ziyarta, shi yasa mutanen ƙauye suka yi karo-karo aka sassaƙa sunayen a coci inda ake haɗuwa duk Lahadi.

Baban Yara: Hakane hajiya. Ni abin da yafi taɓa min zuciya shine kaga sunan gida ɗaya sau biyu sau uku a jere, wa da ƙani kenan fa, kuma lokacin abokai da makwabta tare suke shiga soja tare a tura su, ranar farko ta gumurzun Somme a Faransa kaɗai, 1 ga Yuli 1916, sojan Birtaniya sama da 19,000 suka mutu. Bayan 1945 aka ƙara sunayen waɗanda suka mutu a yaƙin duniya na biyu.

Ɗan Tarihi: Allah sarki. Har yanzu ana tuna su?

Maman Ilham: Sosai ma, duk Lahadi ta biyu a Nuwamba ana karanto sunayen ɗaya bayan ɗaya, ayi shiru na minti biyu da ƙarfe 11. In wani suna kake bincike, duba shafin intanet na Commonwealth War Graves Commission, wato hukumar da ke kula da kaburburan sojojin, zai nuna maka rundunarsa da inda aka binne shi, ko inda aka rubuta sunansa in ba a ga gawar ba.