Shin gyaɗa za ta iya kare kanta daga funfuna?

Ɗalibin aikin gona:
Assalamu alaikum, malamai. Na ji a aji cewa tsirrai suna ƙera wasu furotin da ke kashe fangas, wato dangin funfuna, sai na fara tunanin gyaɗarmu da funfuna ke lalatawa a rumbu har ta cika da gubar afalatoksin. Yaya waɗannan furotin suke aiki, kuma akwai wanda ya gwada su a kan gyaɗa?

Malami mai bincike:
Wa alaikumus salam, ɗalibi. Rukunin da aka fi nazari shi ne difensin, ƙananan furotin masu amino asid (tubalan da ke gina furotin) kusan 50, waɗanda ake samu da yawa a cikin iri. Suna manne wa fatar ƙwayar fangas su ɓula ta, ta yadda abin da ke cikinta zai tsiyaye. Akwai kuma kaitinas, wanda ke narkar da kaitin, wato abin da bangon fangas ya ginu a kai. A 2017 masu bincike na cibiyar binciken amfanin gona ta ICRISAT a Indiya sun dasa ƙwayoyin halittar difensin na alfalfa (wata ciyawar kiwon dabbobi) da danginta a cikin gyaɗa, kuma Aspergillus flavus, wato fangas ɗin da ke samar da afalatoksin, ya kasa yaɗuwa sosai a cikinta.

Jami'in gona:
Allah ya ƙara basira, Malam. Sai dai wannan iri bai iso hannun manomi ba tukuna. Abin da ke kasuwa shi ne Aflasafe na cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Ibadan, wanda fangas ne marar guba da ake watsawa a gona domin ya kori mai gubar.

Ɗalibin aikin gona:
Na gode ƙwarai. To, shin dafuwa tana lalata difensin?