Koya wa ɗalibai alamomin shanyewar ɓarin jiki: ta ina za a fara?

Malamar Firamare: Assalamu alaikum. Ina koyar da aji biyar, kuma ina so in koya wa ɗalibaina alamomin shanyewar ɓarin jiki, domin da yawansu kakanni ne ke riƙonsu. Shin abin bai fi ƙarfinsu ba?

Ma'aikacin Jinya: Wa alaikumus salam, Malama. Bai fi ƙarfinsu ba idan kika tsaya a kan alamomi uku: karkacewar baki, mutuwar hannu ɗaya, da sarƙewar harshe, duka farat ɗaya. Yaro ya ce wa kakarsa ta yi murmushi, ta ɗaga hannuwa biyu, sannan ta maimaita gajeriyar jimla. Idan ɗaya ya gagara, ya kira babba a garzaya asibiti, a kuma lura da lokacin da abin ya fara, domin maganin da ke narkar da gudan jinin da ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa cikin awa 4 da rabi ake bayar da shi. Kada a ɗura mata ruwa ko magani, saboda haɗiya kan gagara.

Uban Ɗalibi: Ni damuwata ita ce manya ba safai suke jin maganar yaro ba. Malama, ki ba su aikin gida da sai an yi shi tare da iyaye, su sa hannu.

Malamar Firamare: Na gode ƙwarai. Zan shirya darasin ranar 29 ga Oktoba, ranar da duniya ta keɓe wa wannan cuta.